Ƙwayar Ƙafar Yaya Dokta

Yayan mijina bai taɓa shiga ajin likitanci ba, ko don fakewa ruwan sama, amma duk layinmu Dokta ake kiransa. Kemis gare shi a bakin titi, tsakanin mai faci da mai gyaran waya, yana da farar riga mai aljihu uku da biro huɗu. Mutum zai zo ya ce kansa na sarawa, Yaya Dokta ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Infekshan ne," ya zuba masa kafso shida a leda. Ciwon baya, infekshan. Mace ta yi faɗa da mijinta ta kasa cin abinci, infekshan.

Ni kuwa shekara goma sha ɗaya ke nan ina aiki a ɗakin binciken ƙwayoyin cuta na asibitin koyarwa, hawa na biyu, ƙarshen baranda, kusa da banɗakin da ba ya aiki. Digiri biyu gare ni a kan wannan abin da yake kira infekshan. Amma a gidanmu in yaro ya yi zazzaɓi, surukata Inna cewa take yi, "A kira Dokta." Ni nawa aikin in kawo ruwan da za a haɗiye maganin.

Sau ɗaya na gwada yi wa Inna bayanin aikina. Na ce mata akwai ƙwayar cuta, akwai ƙwayar magani, sannan a cikin ƙwayar cuta akwai ƙwayar gado, wadda ke koya mata yadda za ta gagari ƙwayar magani. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "To, Allah ya shirya." Daga baya ta ja mijina gefe ta tambaye shi ko ya san matarsa harkar ƙwaya take yi.

Yaya Dokta yana da ciwon suga, duk da cewa shi a bakinsa gajiya ce kawai. Wata rana ya taka ƙusa a bayan shago. Ya duba wurin, ya ba kansa shawara, ya amince da shawarar, ya fara shan kafso. Da kafso bai yi ba ya koma allurar jentamaisin, yana yi wa kansa in ya tuna. Sati bakwai ana haka. Mun fara zargi ne da muka ga yana zuwa gaida Inna da takalmi sau-ciki a ƙafar dama, silifas a ta hagu. Sai kuma wari ya fara riga shi yin sallama.

Mijina malamin lissafi ne, mutum ne da ba ya ɗaga murya ko wuta ta kama labule. Ran nan ya ga ƙafar da idonsa. Ya ɗauki makullin mota ya tsaya a bakin ƙofa, har yayan nasa ya gaji da cewa "ai ta kusa warkewa" ya miƙe.

Likitar da ta karɓe mu gajeriya ce, ba ta dariya, kuma da gani ta riga ta ga ƙafafu da yawa a ranar. Tana warware bandejin Yaya Dokta ya gyara murya.

"Ki saki jiki, likita. Ni ma abokin aikinki ne."

"A wane asibiti?"

"To, ni dai na kaina ne."

"Na gani," in ji ta, tana duban ƙafar. "Wa ya yi maka wannan aikin?"

Ta dangwali ruwan gyambon da auduga mai tsinke, ta jefa a kwalba, ta miƙo mini. "Ke ce ta sama, ko? Ina son amsa jibi."

Gwajin ba wani abin a-zo-a-gani ba ne. Ana shafa ƙwayar a faranti mai abincinta, a ɗora 'yan takardu zagayayyu, kowace an jiƙa ta da magani daban, a saka a akwatin ɗumi. In magani na aiki, za ka ga fili fayau kewaye da takardarsa, ƙwaya ta ja da baya. Da na buɗe farantin Yaya, takardar jentamaisin ko gezau. Ƙwayar ta zo har gindinta ta zauna, kamar an shimfiɗa mata tabarma. Wata allura ce daban ta buɗe fili mai faɗi. Na sauka na gaya wa likita, ta canza magani a ranar. An cire masa yatsu biyu, ƙafar ta tsira.

Wannan shi ne iyakar abin da ya amfani Yaya Dokta a duk labarin nan, kuma kwana biyu ya ɗauka. Sauran wata bakwai na Farfesa ne.

Farfesa shi ne shugaban sashenmu. Rabonsa da taɓa faranti tun kafin a ɗauke ni aiki, amma akwai hotonsa a bango riƙe da guda ɗaya yana kallonsa kamar jaririn da aka miƙo masa. Ranar Litinin yake shigowa ɗakin bincike, hannu a baya, ya tambayi abin da ya tambaya wancan satin. A wannan Litinin ɗin idonsa ya faɗa kan farantin Yaya.

"Wannan fa?"

"Ranka ya daɗe, daga ƙafar wani majiyyaci ne. Jentamaisin ba ta taɓa ta."

"Ko kaɗan?"

"Kamar ma tana jin daɗinta."

Ya cire tabarau. Duk wanda ya yi aiki da Farfesa ya san in ya cire tabarau, wani zai yi wata shida bai huta ba, kuma ba shi ba ne.

Abin da yake so shi ne mu gano dabarar ƙwayar. Wasu ƙwayoyin cuta suna ƙera wani sinadari, mu muna ce masa inzayim. Aikinsa ya tari magani a hanya ya liƙa masa wani ɗan guntun abu a jiki, kamar a manna cingam a bakin makulli. Makullin na nan, ba a karya shi ba, amma ba zai ƙara shiga kwaɗo ba. Umarnin ƙera wannan sinadari a rubuce yake a cikin ƙwayar gado. Aikina shi ne in tatso duk rubutun gadon ƙwayar Yaya, in yayyanka shi gunduwa-gunduwa, in ɗinka kowace gunduwa a jikin wani ɗan zobe na gado, in cusa zobban cikin wata ƙwaya ta gida, saliha, wadda muke kiwo a firiza, ko ƙanshin jentamaisin ta ji mutuwa take yi. Sai a shafa su a faranti mai magani. Duk za su mutu, sai wadda ta yi sa'ar samun gunduwar da ake nema. Ita za ta rayu, ta hayayyafa, ta yi ta kwafe mana abin sau miliyoyi.

Farfesa ya gama bayanin nan da na fi shi sani, sannan ya zo kan ainihin maganar. "Kin san in ƙwayar gadon nan sabuwa ce, mu za mu raɗa mata suna. Haruffa uku ake sa mata." Ya kalli silin. "Abin mamaki, sunana ma haruffa uku ne in an taƙaita."

Na ce lallai abin mamaki ne.

Sai da aka nemi sa hannun mai ƙafa kafin a fara. Na kai wa Yaya Dokta takardar yana kwance a falon Inna, ƙafa a kan filo biyu. Ya karanta ta sau biyu, har da ƙananan rubutun ƙasa.

"Wato ƙwayata za ku hayayyafa."

"Gadonta kawai, Yaya."

"Dama na san ba ƙaramar ƙwaya ba ce. Ƙaramar ƙwaya ba ta kayar da ni." Ya zaro biro ɗaya cikin huɗun. "In an zo sa suna a tuna da ƙafar wa aka yi aikin."

Wata uku ina yanka ina ɗinki. Kullum in shafa faranti, washegari in buɗe akwatin ɗumi in tarar da shi fes, kamar an wanke. Sau biyu wuta ta ɗauke, injin janareta ya ƙi tashi, akwatin ɗumi ya koma akwatin ajiye kaya. Sau ɗaya na gano almakashin da nake yanka gadon da shi, wani ruwa ne a 'yar kwalba, ya mutu tun bara, ina ta yanka da iska. Kowace Litinin Farfesa ya shigo ya ce, "Ina labari?" in nuna masa faranti, ya ce, "A ƙara himma," ya tafi taro.

A wata na huɗu garin jentamaisin da muke zubawa a faranti ya ƙare. Na rubuta takardar neman wani. Takardar ta je teburin mai kula da sito, shi kuma ya tafi kwas. Wanda ke riƙe masa ya ce ba shi da ikon sa hannu, amma yana da ikon ajiye takarda, kuma ya ajiye ta da kyau. Na gaya wa Farfesa, ya ce, "Ki yi dabara. Mu a zamaninmu da dabara muka yi karatu."

Na yi kuskuren faɗin wannan a gida. Kashegari da safe ga kwali a ƙofar ɗakina, cike da kwalaben allurar jentamaisin, an rubuta a jikinsa da jan biro: Gudummawata ga kimiyya.

Na san bai kamata ba. Maganin da ba ka san asalinsa ba, ba ka gina bincike a kansa. Amma na gaji, kuma kwalaben sun yi kyau, da hatimi da kwanan wata da komai. Na auna, na zuba a faranti goma sha biyu, na shafa ƙwayoyina ranar Juma'a. Na ƙara faranti na goma sha uku, wanda muke kira mai shaida: ƙwayar gida zalla, ba a ba ta gadon kowa ba. Ita dole ta mutu. In ba ta mutu ba, duk sauran ƙarya ne. Da yake wuri ya cika, na tura shi can ƙasan akwatin.

Litinin na buɗe akwati na ɗauko na sama. A cike yake maƙil. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Ina riƙe da na huɗu na ji numfashi a bayan kunnena.

"Allahu akbar," in ji Farfesa.

"Ranka ya daɗe, bari in duba mai shai..."

Ya riga ya zaro waya. Ya ɗauki farantin hoto, ya ɗauki kansa da farantin, ya ba ni wayar in ɗauke shi ta gefen da hasken taga ya fi kyau. Ya ce, "Na faɗa miki a ƙara himma," ya fita da sauri irin wanda ban san yana da shi ba.

Sai na durƙusa na jawo mai shaida. Shi ma a cike yake, har ya fi sauran ƙiba. Salihar ƙwayarmu, wadda ba ta san komai ba, ta kwana uku a cikin maganin Yaya Dokta ta tashi da ƙoshin lafiya.

Na bi Farfesa ofis, sakatariya ta ce ya shiga wurin shugaban asibiti. Na kira waya, a kashe. Na tura saƙo: Ranka ya daɗe, akwai matsala babba, kada a faɗa wa kowa tukuna. Ya amsa da hoton babban yatsa.

A ranar na sauka wurin likitar nan da ba ta dariya, na roƙi kwalba ɗaya ta jentamaisin ɗin asibiti. Na huda ramuka biyu a faranti mai ƙwayar gida, na ɗiga ta asibiti a ɗaya, ta Yaya a ɗaya. Washegari ramin asibiti ya buɗe fili kamar faɗin murfin kwalba. Na Yaya kuwa ɗan siririn zobe ne, sai ka kanne ido kake ganinsa. Na maimaita da kwalabe biyar daga kwalin, ina tsarma ta asibiti da ruwa ina kwatantawa. Akwai magani a ciki, ba za a yi musu ƙazafi ba. Kashi ɗaya cikin goma. Sauran ruwa ne mai tsabta.

Ranar Laraba ina cikin motar haya na ji muryar Farfesa a rediyo. Shi dai ya ce an kwafo ƙwayar gadon da ke lalata magani. Mai gabatarwa ya taƙaita wa masu sauraro cewa wani shehin malami ya gano sabon maganin da ke kashe kowace irin cuta. Direba ya ce, "Kai, Allah ya yi mana baiwa da mutane." Matar da ke kusa da ni ta tambaya ko yana maganin basir.

Yaya Dokta ma ya ji shirin, kuma abin da ya ji shi ne ba a ambaci ƙafarsa ba. Ina isa wurin aiki na tarar da shi ya hau bene hawa biyu da sanda, da farar rigarsa, yana zaune a ofishin Farfesa. Tun daga baranda ake jin su.

"Shekara talatin ina wannan fanni," Farfesa ke cewa.

"Ni sati bakwai ina kiwon ta a jikina. Kai ka taɓa kwana da ita?"

"Malam, bincike ba a ƙafa yake ba, a kai yake."

"To ka ba da naka yatsun mana a cire!"

Na koma ɗakin bincike na ɗauko faranti biyu, mai shaida da mai ramuka. Na yi sallama, ba wanda ya amsa, na shiga na ajiye su a kan teburin, bisa mujallar da ke da hoton Farfesa.

"Ranka ya daɗe, Yaya, ku gafarce ni. Babu abin da za a raɗa wa suna. Ba mu kwafo komai ba."

Na yi musu bayani a hankali. Na nuna mai shaida, na ce wannan ya kamata ya mutu, bai mutu ba. Na nuna ramuka biyu, na ce wannan na asibiti ne, wannan na shagon Yaya. Farfesa ya mayar da tabaransa, ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. Ko ba komai ya iya karanta faranti, ban taɓa hana shi wannan ba.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na turo saƙo, ranka ya daɗe. Ka aiko mini da yatsa."

Yaya Dokta ya ce, "Wai me kike nufi? Maganina ne ba shi da kyau?"

"Jabu ne, Yaya. Kashi ɗaya magani, tara ruwa. Shi ka yi ta yi wa kanka. Bai isa ya kashe ƙwayar ba, sai dai ya share masu rauni ya bar wa masu taurin kai fili. Makaranta ka buɗe musu a ƙafarka, har da abinci kyauta."

Na zaci zai yi faɗa. Na shirya ma jin cewa ni yarinya ce, kuma a gabansa aka kawo ni gidansu. Sai ya jawo farantin gabansa yana duban ɗan siririn zoben nan. Ya ce wani mai farar mota ne ke kawo masa kaya duk Talata, mutum mai fara'a, har yakan tambayi lafiyar Inna. Kwali na huɗu ke nan na wannan allurar. Ya fara lissafi da yatsun hannu, leɓensa na motsi.

"Ɗan mai faci," in ji shi. "Da ƙirjinsa ya kama. Guda biyar na yi masa. Ya daɗe bai tashi ba, har na ce wa uban ba ya ba shi abinci ne." Ya ɗago ya dube ni, babu tabarau, babu Dokta. "Yaron ya tashi dai. Amma akwai wata tsohuwa a bayan layi."

Bai ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba. Ba ni da farantin da zai amsa masa wannan. Na riƙe masa sanda ya miƙe, muka sauka benen tare, mataki ɗaya-ɗaya, har bakin titi.

A gida kuwa ni ce mai laifi. Inna ta ce shekara ashirin ɗanta na ba mutane magani ba wanda ya ce jabu ne, sai da aka kai wa masu harkar ƙwaya. Ta ce an ba ni kyauta na saka da tonon asiri. Da ta ji dole a kai rahoto hukumar kula da magunguna, ta ɗora hannu a ka.

"Yayan mijinki za ki kai ƙara?"

"Ba shi ba, Inna, kwalin."

"Kwalin a shagon wa yake?"

Ta juya wurin mijina ta ce ya yi wa matarsa magana. Ya ajiye littattafan ɗalibansa da yake dubawa, ya yi ɗan tunani, ya ce, "Inna, ɗaya cikin goma ɗaya cikin goma ne." Iyakar gudummawarsa ke nan, kuma sati biyu Inna ba ta amsa gaisuwarsa da kyau ba.

Ban kai ga rubuta rahoton ni kaɗai ba. Da safe Yaya Dokta ya aiko a kira ƙanensa da mota. Shi da kansa ya kwashe ragowar kwalaben, da takardun mai farar mota, ya rungume kwalin a cinya har ofishin hukuma. Suka gode masa ƙwarai da wannan kishi, suka rubuta sunansa, suka bi shi shago suka garƙame da kwaɗo, saboda an gano yana yin allura ba da izini ba. Wata biyu shagon na rufe. Mai farar mota bai ƙara zuwa ba, ko don ya tambayi lafiyar Inna.

Farfesa kwana huɗu bai fito daga ofis ba. Na fara jin tausayinsa. A rana ta biyar ya koma gidan rediyon nan, ya bayyana cewa wasu sun yi wa kalamansa gurguwar fahimta, ainihin abin da binciken da yake jagoranta ya bankaɗo shi ne jabun magani a kasuwa, kuma dama tun farko tarko ya ɗana. Wata ƙungiya ta ba shi lambar yabo ta katako mai ƙafar ƙarfe. A jawabinsa ya gode wa iyalinsa, da shugaban asibiti, da duk ma'aikatan da ba za su lissafu ba. A sashenmu mu huɗu ne.

Mai kula da sito ya dawo daga kwas, garin magani na gaske ya iso. Na koma yanka da ɗinki. A wata na bakwai, wata Alhamis, na buɗe akwati na fara da mai shaida. Fes, ba ko ɗigo. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, a na takwas na ga ɗigo uku farare, kowanne bai kai kan allura ba. Na ja kujera na zauna. Ban kira kowa ba sai da na sake shuka su sau biyu suka sake tsirowa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai gwajin da ya biyo baya ne. Na fasa ƙwayoyin, na tace ruwansu, na haɗa shi da jentamaisin mai kyau da ɗan abin da sinadarin ke buƙata don aikinsa, na bar su awa ɗaya a ɗumi. Da na ɗiga wannan haɗin a faranti, maganin da jiya yake share fili ya zama ruwan banza. Abin da ido ba ya gani, ba shi da kai ba shi da digiri, ya kwance wa allura ɗamara cikin awa ɗaya ba tare da ya kira ɗan jarida ba. Gaskiya na girmama shi.

Muka aika gunduwar a karanto mana haruffanta. Amsa ta dawo bayan sati uku, na zuba ta a rumbun da masana ke tara irin waɗannan bayanai. Kafin in ɗauke hannu daga kwamfuta ta fito. An san ta tun ina firamare. An same ta a asibitoci, da gonakin kaji, da magudanan ruwa, a ƙasashen da ban iya kiran sunansu ba. Tana da sunanta, haruffa da lambobi, ba ta jira kowa ba.

Farfesa ya tsaya a bayana yana kallon allon. "Ko harafi ɗaya bai bambanta ba?"

Na duba. "Akwai ɗaya, ranka ya daɗe, cikin ɗari takwas da wani abu. Amma bai canza komai a aikin sinadarin ba."

"Akwai ɗaya ke nan," in ji shi.

Shafi tara muka rubuta a kan wannan harafin. Sunaye shida ne a saman takardar. Nawa ne na biyar, bayan na wani abokin Farfesa da ban taɓa ganin fuskarsa ba. An gode wa wani majiyyaci da ba a ambaci sunansa ba. Yaya Dokta ya sa an buga masa shafin, ya ja layi a ƙarƙashin majiyyaci da jan biro, ya manna a bangon shago da aka buɗe masa.

Ya daina allura, wannan kam hukuma ta tabbatar. Kafso ma yanzu sai da takardar likita. Wata ranar Asabar na biya ta shagon in karɓi bandeji, na tarar da wani magini, duk jikinsa siminti, yana neman kafso huɗu na mura. Yaya Dokta ya jingina da kanta yana yi masa lacca.

"Ka san cingam? To ita ƙwayar cuta cingam take taunawa. In ka sha huɗu ka bari, sai ta tofa wa maganin a ido. Ni na yi bincike a kan wannan, wata bakwai, da ƙafata. Ga matar ƙanena nan, ita ke riƙe mini faranti. Ƙarya na yi?"

Na ce, "Kusan haka ne, Yaya."

Maginin ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "To yanzu za a ba ni ko ba za a ba ni ba?"

"Sai da takarda."

Mutumin ya ce Allah ya ƙara ilimi. Ya tsallaka titi ya shiga kemis ɗin da ke kallonmu. Ko minti biyu bai yi ba ya fito da leda, ya tsaya a bakin ƙofa ya haɗiye biyu ba ruwa, ya ɗaga mana hannu ya wuce wurin aikinsa.